Tsaftar ruwan gari daga rabon filaye take farawa

Tambaya: Ni ɗan kwamitin ci gaban garinmu ne. Garin yana bakin wani rafi da ke zuba a madatsar da muke sha. A 'yan shekarun nan ruwan ya canja, da damina yakan zo jawur, da rani kuma yana wari. Wasunmu na ganin a nemi gwamnati ta gina babbar matatar ruwa, amma wani jami'i ya ce mana matsalar tana wajen yadda ake yanka filaye da yin gine-gine. Mene ne haɗin tsarin filaye da tsaftar ruwa, kuma me ƙaramar hukuma da masu unguwanni za su iya yi?

Amsa: Malam, jami'in nan ya faɗa muku gaskiya, kuma alamomi biyun da ka ambata sun isa su nuna inda cutar take. Jan ruwan damina ƙasa ce da ruwan sama ya kankaro daga gonaki da hanyoyi da filayen da aka share aka bari tsirara. Warin rani kuwa na kwata ne da masai da mahauta da bola. Da damina yawan ruwa yana sirka wannan ƙazanta har ba a cika jin ta ba, da rani kuma ita ce mafi yawan abin da ke gudana a rafin. Duka biyun a kan tudu suke farawa, nesa da madatsar, a wuraren da wani ya sa hannu ya ce a yi gini ko a yi noma ko a zubar da shara.

Kowane rafi yana da yankin ƙasa wanda duk ruwan saman da ya sauka a kansa cikin rafin yake gangarowa, kamar yadda ruwan da ya sauka a rufin soro yake taruwa ya fita ta indararo guda. Iyakar wannan yanki ita ce doron tudun da ke raba ruwa biyu, kuma ba ruwanta da iyakar gunduma ko ta ƙaramar hukuma. Idan ƙasar yankin tana da ciyawa da itatuwa da fadama, yawancin ruwan yana nutsewa, ƙasa ta tace shi, sannan ya riƙa tsattsafowa cikin rafi a hankali har bayan ɗaukewar damina. Idan aka rufe ta da kwano da siminti da kwalta, ko ƙasar ta daddale saboda takawa, ruwan ba ya samun wurin nutsewa, sai ya kwararo gaba ɗaya cikin ɗan lokaci ɗauke da duk abin da ya tarar a hanya, ya ci gaɓar rafin, ya buɗe kwazazzabo. Binciken da aka tattara a Amurka tun shekarun 1990 ya nuna cewa lafiyar ƙaramin rafi tana fara taɓarɓarewa idan abin da aka rufe ya kai kusan kashi 10 cikin ɗari na yankinsa, kuma idan ya wuce kashi 25 lalacewar takan yi tsanani. An samo waɗannan alkaluma a ƙasar da ruwan samanta ya bambanta da namu, amma a wurin da ruwan shekara ke zubowa da ƙarfi cikin wata huɗu ko biyar a kan ƙasa mai yashi, babu dalilin zaton rafi zai fi haka haƙuri.

Kano ta isa misali, domin a can ana iya bin ruwa da ƙafa a ga abin da tsarin filaye ya yi masa. Jakara tana tasowa daga cikin birni, ta bi ta Fagge da gefen Sabon Gari, ta kwashi ruwan kwatar unguwanni da na abbatuwa, sannan rafin Getsi ya same ta da ruwan masana'antun Bompai, su tafi tare su zuba a madatsar Wasai da ke Minjibir. Mutanen da ke kama kifi a Wasai da masu noman lambu a bakin Jakara ba su suka yanka filayen Bompai ba, ba kuma a tambaye su ba sa'ad da ake ba da izinin gini a cikin birni, amma su ne ke karɓar sakamakon. Ta kudu kuma an ajiye rukunin masana'antu na Sharaɗa da na Challawa, inda kamfanonin jima suke da yawa, a yankin da ruwansa ke gangarawa kogin Challawa, alhali daga kogunan Challawa da Kano ne matatun ruwa na Challawa da Tamburawa suke ɗiban abin da birnin ke sha. Jimar zamani tana amfani da gishirin kuromiyam, kuma abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda ya kasance a ruwan sha bai wuce miligiram 0.05 a kowace lita ba. A ganina kuskuren da ya fi tsada a nan an yi shi ne ranar da aka zaɓi wurin, tun kafin a sa bulo ɗaya, domin bayan an kafa masana'anta kuma dubban mutane na ci daga gare ta, ba mai iya cewa a tashe ta cikin sauƙi. Ba kuma don rashin tsari a rubuce ba ne, tunda birnin ya samu tsarin shekara ashirin na 1963 zuwa 1983, wanda wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya jagoranci shiryawa. Gari ne ya riga tsarin gudu, aka cike kududdufai da shara aka sayar da su fegi-fegi, ruwan da a da yake kwanciya a cikinsu ya koma shiga gidajen mutane.

Game da matatar da wasunku ke nema, yana da kyau a san abin da take iyawa. Matata irin wadda aka saba ginawa tana zuba alam don laka ta kwanta, ta bi da ruwan ta cikin yashi, sannan ta sa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta. Ba a gina ta don cire sinadarin naitiret da ke zuwa daga masai da takin zamani ba, ko maganin feshi da ya narke a ruwa, kuma duk lokacin da laka ta ƙaru, kuɗin alam da na wanke matatar suna ƙaruwa, har a kai ranar da za a rage ruwan da ake turawa. Lakar da ke shiga madatsa kuma tana kwanciya a ƙasanta tana rage abin da take iya riƙewa, kuma yashe madatsa aiki ne da kasafin ƙaramar hukuma ba zai ɗauka ba. Sannan mutane da yawa ba ruwan famfo suke sha ba, rijiya ce da burtsatse da 'yan garuwa, waɗanda matatar ba ta taɓa ruwansu ko kaɗan.

Birnin Niyok na Amurka ya taɓa tsayawa a daidai inda kuke, sai dai da kuɗi masu yawa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwansa yana zuwa ne daga madatsun yankunan Catskill da Delaware, can cikin duwatsu sama da kilomita ɗari daga birnin. A 1989 hukumar kare muhalli ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar cewa duk garin da ke shan ruwan kogi ko madatsa sai ya tace shi, sai fa idan ya nuna cewa yana kare inda ruwan ke fitowa. An ƙiyasta matatar da za ta ishi birnin za ta ci dala biliyan 6 zuwa 8, ban da kuɗin tafiyar da ita kowace shekara. Da farko birnin ya so ya ƙaƙaba wa ƙauyukan yankin dokoki masu tsauri, mutanen suka ƙi, domin ba su manta da garuruwansu da aka tasa sa'ad da ake gina madatsun ba. Sai da aka yi shekaru ana ja-in-ja kafin a sa hannu kan yarjejeniya a watan Janairun 1997. Birnin ya amince zai sayi filaye daga wanda ya yarda ya sayar kaɗai, ba ƙwace, zai kuma ci gaba da biyan harajin filayen ga ƙananan hukumomin yankin. Ya ɗauki nauyin gyara ramukan masai na gidaje da matatun ruwan ƙazanta na ƙauyuka, ya kuma biya kuɗin shirin da manoma da kansu suke gudanarwa, wanda ake bin gona-gona ana tsara inda za a tara kashin shanu da yadda za a kange su daga shiga rafi. Har yanzu ruwan wannan yanki ba ya bi ta matatar yashi, da kulorin da hasken kashe ƙwayoyin cuta ake tsaftace shi. Ɗaya yankin da birnin ke sha, wato Croton, wanda gine-gine suka riga suka mamaye, bai tsira ba: dole aka gina masa matata, ta fara aiki a 2015 bayan ta ci sama da dala biliyan 3. Abin da nake so ka lura da shi a wannan labari shi ne cewa masu shan ruwan ne suka biya waɗanda aka taƙaita wa amfani da ƙasarsu, kuma sai da aka yi haka dokar ta zauna.

A Nijeriya ikon da kuke buƙata ya fi kusa da ku fiye da yadda ake zato. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, shi ke ba da takardar mallaka a wuraren da aka ayyana birni ne, amma a karkara ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba, kuma dokar ta tanadi kwamitin ba ta shawara kan rabon filaye. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsari a matakin ƙaramar hukuma, kuma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. A Kano hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ce ke riƙe da wannan aiki a birane. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba ƙananan hukumomi kula da mahauta da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da makewayin jama'a da magudanan ruwa da kwashe shara. Idan ka sake duba wannan jeri za ka ga kusan duk abubuwan da ke sa rafinku wari suna cikinsa. Hukumar NESREA, wadda ke tabbatar da bin dokokin muhalli a matakin tarayya, ita ma ta fitar da ƙa'idoji a 2009 kan dausayi da gaɓar koguna da tafkuna, da wasu kan yankunan da ruwa ke gangarowa, don haka dokar jiha ko ta ƙaramar hukuma tana da abin jingina.

Aikin farko shi ne a san iyakar yankin. Ma'aikacin safiyo zai iya zana ta a taswira cikin ɗan lokaci, kuma hotunan tauraron ɗan Adam da ake samu kyauta a intanet suna nuna inda gini ya kai. Amma taswira ba ta wadatarwa sai an bi rafin da ƙafa daga madatsa zuwa mafarinsa, sau ɗaya da rani, sau ɗaya bayan ruwa mai ƙarfi, tare da dattawan da suka san inda ruwa ke kaiwa a shekarar ambaliya. A rubuta kowace kwata da ke zuba, kowace bola, wurin wankin mota, wurin rini, mayanka, inda tifofi ke ɗiban yashi, da inda kwazazzabo ya fara.

Daga nan sai a ware ƙasar da ba za a yanka ba, kuma iri uku ce. Ta farko ita ce zirin da ke bin gaɓar rafi hagu da dama, wanda za a bar wa ciyawa da itatuwa. Ciyawar tana rage gudun ruwan da ke gangarowa har laka ta kwanta kafin ta isa rafi, saiwoyin itatuwa kuma suna riƙe gaɓa. Faɗinsa ya danganta da gangaren wurin da irin ƙasarsa. A ƙaramin rafi mai shimfiɗaɗɗiyar gaɓa, mita 15 zuwa 30 a kowane ɓangare shi ne abin da aka fi amfani da shi a wurare da dama, inda gangare ya yi tsanani ko a bakin madatsar kanta kuwa sai a ƙara. Ba lalle ne zirin ya zama kufai ba: ana iya dasa mangwaro da gwaiba da zogale, a yanki ciyawa a kai wa dabbobi, abin da ake hanawa shi ne gini da huɗa har bakin ruwa da feshi. Ta biyu ita ce fadama da kududdufi da duk kwarin da ruwa ke kwanciya, waɗanda su ne ke riƙe ruwan da zai zama ambaliya, su kuma ciyar da rijiyoyi. Ta uku ita ce kewayen rijiyoyi da burtsatsen jama'a. Ƙa'idar da masu aikin tsafta suka fi riƙewa ita ce masai ya nisanci rijiya da aƙalla mita 30, ya kasance ta gangare da ita, kuma ƙasan raminsa ya ɗara ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A garin Walkerton na Kanada, a shekarar 2000, ruwan sama ya wanko kashin shanu daga wata gona ya shiga rijiya guda marar zurfi da garin ke sha, kulorin da ake sawa bai wadatar ba, mutum bakwai suka rasu, sama da dubu biyu suka kwanta. Bayan wannan ne lardin Ontario ya yi doka a 2006 da ta wajabta zana yankin kariya a kewayen mafarin ruwan sha na garuruwa. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wajenmu, domin malaman Malikiyya sun daɗe da tabbatar da cewa rijiya tana da harami, gwargwadon abin da zai hana cutar da ruwanta ko ƙuntata wa masu ɗiba, kuma hadisi ya yi hani ga yin bayan gida a mashayar ruwa. Idan za a yi wa jama'a bayani, limamin gari zai isar da wannan fiye da kowace takardar ofis.

Inda tsari ke rushewa a garuruwanmu shi ne awon igiya. Mai gona ya kira dillali, a ja igiya a yanka gonar gida-gida, a matse lungu don fegi ya ƙaru, ba a bar hanyar ruwa ba, ba a bar inda za a haƙa masai nesa da rijiyar maƙwabci ba, fegin da ya faɗa cikin kwari kuma a karya farashinsa talaka ya saya. Kafin hukuma ta ji labari an yi rufi an tare. Saboda haka nake ganin duk tsarin da ya tsaya a taswirar da ke rataye a ofishin shugaban ƙaramar hukuma aikin banza ne. Dole ya shiga cikin takardar cinikin fili. Mai unguwa da dagaci su ne ke shaidar ciniki, su ya kamata a ba taswirar, a kafa turakun siminti a iyakar zirin da kowa zai gani, a kuma yi ƙa'ida cewa ba a sa hannu kan takardar fegin da ke cikin turakun, ba a kuma amince da yankan gona sai an nuna inda ruwanta zai bi. Akwai abin da ba a son faɗa a fili: wani lokaci mai shaidar yana da kaso a cinikin. Maganinsa shi ne a liƙa taswirar a masallacin Juma'a da kasuwa, domin mai saye ya san abin da zai saya, kuma hakimi ya riƙa bin sawu.

Waɗanda ke sama da ku ta wajen mafarin rafin, manoma da makiyaya, su ne za su ɗauki nauyin da ya fi yawa, kuma nan ne darasin Niyok ke aiki. Manomin da aka ce ya ja da baya mita ashirin daga gaɓa an karɓe masa yankin da ya fi danshi a gonarsa. Idan ba diyya, ko dashe kyauta, ko taimakon rijiyar noman rani a sama da zirin, zai koma da garmarsa da zarar an juya baya. Makiyayi kuma ba a hana shi shayarwa sai an tanadar masa mashaya da aka gyara, da burtalin da zai kai shi can ba tare da ya ratsa gona ba, in ba haka ba an sayi rigima ce kawai. Kuɗin wannan ya kamata ya fito daga masu shan ruwan, ko da ɗan kaso ne daga kuɗin ruwa ko harajin kasuwa da aka keɓe aka rubuta inda yake tafiya. Ɗiban yashi kuwa a keɓe masa wuri ƙasa da inda ake jan ruwan sha, nesa da gada da gaɓar da ke zaizayewa. Idan akwai daji a mafarin rafin, kare shi ya fi kowane dashe araha. Dajin Falgore, wanda kogin Kano ke ratsawa kafin ya isa madatsar Tiga da aka kammala a 1974, misali ne na ƙasar da amfaninta ga mai shan ruwa a birni bai gaza amfaninta ga namun daji ba.

Da yake rafi ba ya tsayawa a iyakar ƙaramar hukuma, kusan tabbas za ku tarar rabin matsalar tana hannun maƙwabta. Ku nemi zama na haɗin gwiwa da su, da hukumar ruwa ta jiha, da hukumar raya kogunan yankinku, irin ta Haɗeja da Jama'are ga mutanen Kano da Jigawa da Bauchi. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a 2021 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, an gina shi ne a kan tsara yankunan da ruwa ke gangarowa, kuma garin da ya zo da taswirarsa da jerin matsalolinsa a rubuce ya fi saurin samun kunne.

Inda aka riga aka yi gini, ban ba da shawarar a fara da rusau ba, sai ginin da ya toshe hanyar ruwa ƙarara yana jefa wasu cikin haɗari. A fara da tsayar da sabon yanka, sannan a bi manyan masu zuba ƙazanta ɗaya bayan ɗaya: mahauta ta samu ramin tara jini da tumbi, a ɗauke bolar da ke bakin rafi, masu kwasar masai su samu wurin zubarwa da aka keɓe, masu rini da wankin mota su samu ramin da ruwansu zai kwanta kafin ya fita. Ku kuma riƙa kai ruwa gwaji daga wurare uku ko huɗu da ba sa canjawa, sama da gari da tsakiyarsa da bakin madatsa, da rani da damina, a auna laka da ƙwayoyin cutar da ke zuwa daga bayan gida da naitiret, wanda iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 ce a lita. Sakamakon zai nuna tsakanin waɗanne wurare biyu ne ruwan ke lalacewa, kuma shi za ku ajiye a gaban shugaban ƙaramar hukuma. Mai yiwuwa bayan duk wannan ku buƙaci matata, domin ruwan madatsa ba a shan sa ba tare da kulorin ba, amma girmanta da kuɗin tafiyar da ita za su danganta ne da irin ruwan da ke isowa gare ta, kuma injiniyan da zai zana ta waɗannan alkaluman gwaji zai fara tambayar ku.